Tafiyar Baba a Kan Takardun Yaya Kailu

Adjamé, Abijan, watan Rajab, 1948

Zuwa ga yayata Tsahara, a Madawa.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ban girma daga ƙaninki Nomau. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da Malam Harouna da yara, Ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da Mati ya ba mu labari sa'ad da ya rako shanu. Mu nan lafiya lau. Damina ta sauka da ƙarfi, kasuwar Adjamé duk ta zama taɓo, amma goro na tafiya. Matata Rahamatu ta sauka lafiya, an samu mace, mun sa mata sunanki.

Yaya, maganar Yaya Kailu ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Kin san shi, mutumin da ko kalangu bai tsayawa saurare, wanda mahautan Treichville ba sa yanke magana sai ya zo. To, bayan Sallar Layya wani mai sayen nama a wurinsa ya ja shi gidan silima, inda ake haska hotuna masu motsi a jikin bango. Ya ce kafin babban wasan sai aka nuna waɗansu dabbobi da ba na Allah ba, zane ne na hannun mutum, amma suna gudu suna faɗuwa suna tashi. Wai kowa dariya yake, shi kuwa ko murmushi ya kasa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda tawada ke tafiya.

Ya yi ta komawa har ya saba da mai juya injin, wani mutumin Senegal, wanda ya ba shi guntun da ya tsinke daga faifan hotunan. Da ya ɗaga shi a rana sai ya ga zane-zane ne jere, kowanne a tsaye cik, ya bambanta da na kusa da shi da ɗan kaɗan, saurin wucewa ne ke ba su motsi. Tun daga ranar ya shiga tara takardun ƙunshe nama yana zane da gawayi. Mutum mai furfura, Yaya! Ran da jirgin ƙasa ya sauke shanunsa daga Bobo, aka neme shi a tasha aka rasa, ashe yana ɗaki. Dattawan mahauta suka kira ni suka ce in bai daina ba za su nemi wani shugaba, don ba za su bi mai zana abu mai rai ba.

Na haye gada zuwa gidansa a Treichville da ashana a aljihu, da niyyar in ƙone tarkacen kowa ya huta. Bai yi mini musu ba. Ya dai roƙe ni in zauna in duba sau ɗaya. Ya ɗauko wani ƙunshin takardu da ya ɗinke gefensu da zare, ya lanƙwasa, ya dinga sakinsu da babban yatsa. Yaya, wallahi Baba na gani. Marigayi Baba yana tafe bayan shanu, sanda a gicciye bisa kafaɗu, yana jan ƙafar hagun nan da bijimi ya taka, har da yadda yakan ɗan sunkuya kafin ya ɗaga ta. Salati ya kuɓuce mini, na ja da baya har na tuntsurar da buta. Mutumin da muka binne tun ina saurayi, ga shi yana wucewa a tafin hannun ɗansa. Na kasa fito da ashanar. Na zauna ina kuka kamar yaro, ina cewa ya sake nuna mini.

Washegari muka kai abin gaban Malam Tasi'u, limamin unguwa, ga dattawa a zaune. Ya duba, ya ce a maimaita masa. Sannan ya nuna mana abin da ban lura da shi ba: mutumin takardar ba shi da fuska, kai ne kawai da rawani, wurin ido da baki fari fat. Ya ce muddin aka bar shi haka shi ba zai ce a ƙone ba, amma Yaya Kailu ya koma kan shanunsa. Dattawa suka yarda da hakan.

A hanyar komawa na yaba masa da ya yi hankali bai zana fuskar ba. Sai ya tsaya, ya ce mini ba tsoron Allah ne ya hana shi ba, ya gwada ya fi a ƙirga, fuskar Baba ce ta ɓace masa. Ya tambaye ni ko zan tuna masa. Na buɗe baki, Yaya, na rufe ido na nema, ban samu komai ba. Ina jin muryarsa, ina ganin tafiyarsa, amma fuskar babu.

Ke kika yi jinyar Baba har ƙarshe. Don Allah ki sa Malam Harouna ya rubuto mana kamanninsa: idonsa, hancinsa, tsagen kumatunsa, ko yana da wushirya. Na yi miki alkawari ba za a zana ba. Mu dai mu san fuskar da muke yi wa addu'a.

Ki gaida Malam Harouna, da Inna Sailuba, da Kalla da amaryarsa, da duk mutanen gida. Rahamatu da takwararki suna gaishe ki. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Nomau