Gudumar Hildur da Hannun Grimulf

Visby, farkon Maris

Yaya Torgny,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka da ka ƙi ɗaukar wayarta. Ya jiki? Ya hannun, ya ƙafar? Ina fatan masu koya maka motsa jiki ba su gaji da baƙin halinka ba tukuna. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai iskar teku da ta hana kowa sakat. Kyanwarka kuma ta yi ƙiba a gidana har ba ta iya hawa taga.

Tunda ka ce waya tana ba ka kunya saboda harshenka ya yi nauyi, to ga takarda, ita ba ta jiran amsa. Gyara zama, ina da labari.

Ylva ta karanta mana saƙon da ka sa ma'aikaciyar jinya ta rubuta mata. Wai a bi dokar kujera, a binne jaruminka Grimulf, a ba wani wurinka a teburin wasanmu na ranar Lahadi. Na san kai ka kafa dokar nan tun muna da baƙin gashi: duk wanda kujerarsa ta zauna wofi daga kaka har aka kunna wutar bikin Valborg a ƙarshen Afrilu, jaruminsa ya mutu a labari, a yi masa jana'iza da kofi da burodin kirfa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka! Amma don malalata ka kafa ta, Yaya, ba don mutumin da ɓarin jikinsa na dama ya shanye yana tsaka da share ganye a lambunsa ba.

Ka dai san Ylva. Tun muna matasa take jan mana labarin wasan nan, mu kuma kowa da jaruminsa a ciki, ba ta taɓa lanƙwasa doka ko don mijinta ba. Iyakar abin da ta yi maka tun da ka kwanta, ta sa mayyar tafki ta mai da Grimulf dutse, yana can tsaye a tsibiri da gatarinsa. Ta ce in wani ya karya sihirin kafin Valborg, kai kuma ka motsa jaruminka ko da ta wasiƙa ce, kujera taka ce. In ba haka ba, jana'iza.

To na ajiye Lill-Stina. I, ɓarauniyata, wadda na yi rabin rayuwata ina wasa da ita. Na aurar da ita ga wani mai masauki, na shiga banɗaki na ɗan yi kuka, kada ka gaya wa kowa. A madadinta na ƙirƙiro Hildur Mai Zuga, tsohuwar matsafiya maƙeriya. Ba ta jifa da wuta, ba ta tashi sama, aikinta ƙera kayan sihiri kawai. Za ta ƙera gudumar azurfa, ta buga wa Grimulf a ƙirji, dutse ya zube. Ka ji dabara!

Rabon makin gwaninta ne ya kusa haɗa ni faɗa da abokin wasanmu Sixten. Ka san sabon jarumi makinsa kaɗan ne, kamar man shanun da ake shafa muku a burodin asibiti. Na zuba mafi yawa a ilimin sihiri, tunda shi ake jefa wa dayis mai lambobi ranar ƙira, a ga ko sa'a za ta ba ta. Sai ƙirar kanta, sai sassaƙar dutse don ta san inda za ta buga, sai tsofaffin harsuna don ta karanta littafin mayyar. Ɗan abin da ya rage na sa a ciniki, azurfa ba kyauta za a ba mu ba. Sixten ya leƙo takardata, garin gidan burodinsa na zuba daga hannun rigarsa kamar kullum, ya ce, "Ke Majken, tsohuwar nan taki ko iyo ba ta iya ba, ga shi tsibiri za mu! Hawan doki babu, magani babu. Wannan ai uwar maƙera ce aka yi wa ƙafafu." Na ce, "Kai da wadan jarumin nan naka ya iya komai, me ya taɓa gamawa ban da giyar mutane?" Ylva ta sauke tabarau ta ce, "Kin tabbata ba ki son ko maki ɗaya a ilimin magani? In na sa hannu an gama." Na ce ta sa. Mai neman guduma me ya haɗa shi da ganye da saiwa?

Kada ka aiko mini da gardama, ba shawararka nake nema ba. Ka ci abincinka ko babu gishiri. Sixten na gaishe ka, Ylva ma, a irin tata gaisuwar.

Ƙanwarka mai taurin kai irin naka,
Majken

Visby, tsakiyar Afrilu

Yaya Torgny,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jiki. An ce yanzu kana kai wa ƙarshen baranda da sanda, har kana yi wa likita gyara a aikinsa. Na ji daɗi, alamar sauƙi ke nan. Amsarka ba ta zo ba, ban kuma yi mamaki ba.

Yaya, na ƙera ta! Lahadi bayan Lahadi Hildur tana maƙera tana zuga, sauran suna yawon neman azurfa, ni ina zaune ina cin burodi ina jira. Ranar jifa kuwa na hura wa dayis ɗina mai fuska ashirin, na sake shi, ya yi ta juyi a bakin farantin Sixten, ya tsaya a sha tara. Ihun da na yi sai da maƙwabciyar Ylva ta buga bango. Kofi ya zube a taswirar wasan, yanzu akwai sabon teku a arewacin masarautar.

Sai tafiya tsibiri. Kwalekwalenmu ya kife, Hildur ta nufi ƙasan tafki rungume da gudumarta, ko motsi ba ta yi ba. Wadan Sixten ne ya tsamo ta da gashi. Har yau Sixten in ya hango ni a kasuwa sai ya toshe hanci ya durƙusa a hankali kamar mai nutsewa, a gaban jama'a.

Muka isa. Hildur ta laluba ƙirjin Grimulf, ta sami jijiyar dutsen, ta buga. Ylva ta ce dutse ya fara zubewa daga kansa, ya buɗe ido, ya ja numfashi. Na miƙe tsaye ina tafi. Sai ta ce, "Zauna. Saura jifan magani. Dutse ya fashe, amma sai an ja jini ya koma gaɓoɓi." Ba ni da ko maki ɗaya a magani, ita kuma ta tambaye ni tun farko. Na jefa haka nan. Huɗu.

Ylva ta duba littafi, ta ce gaɓa ɗaya za ta zauna dutse har abada. Ta ture ɗan kwalin da take ɓoye jifanta a bayansa, ta jefa a fili kowa na gani don a san wace gaɓa ce. Yaya, hannun dama ne.

Na ce, "Ylva, ki ji tsoron Allah, ki sake jefawa." Idonta ya kawo ruwa, amma ta ce, "Ya faɗi a fili, Majken. In na sake, Torgny zai gane, kuma shi zai fara raina teburin nan. Ba tausayi yake so ba." Raina ya ɓaci har na ɗauki rigar sanyina zan fita. Sai Sixten, wanda ban taɓa jin ya faɗi abin kirki ba, ya buga tebur ya ce, "Ku tsaya! Hannun dutse fa? Kai, wa ya ga banza! Me zai yi da garkuwa kuma? Takobi ya sare shi ya karye, ƙofa ta ƙi buɗuwa ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ni ma a mai da nawa!" Ya fizgi littafin yana lasar yatsa yana buɗawa, har ya samo gwanintar riƙe gatari da hagu. Ylva ta share ido ta ce Grimulf yana da makin da ya ci a yaƙinsa na ƙarshe, ba a raba su ba, kuma babu mai raba su sai mai shi.

Na so in ɓoye maka, in ce komai ya tafi daidai. Ban iya ba. Ina tsoron ka karanta wannan ka ga kamar mun yi wasa da ciwonka, ka rufe mana ƙofa gaba ɗaya. Amma gaskiyar ita ce Grimulf yana raye, yana tsaye a tsibiri, hannu ɗaya nama ɗaya dutse, gatarinsa a ƙasa yana jiran a ɗauka. Ni kuma ina kewar yayana, teburin nan ba ya daɗi in babu mai yi mini tsawa in na manta doka.

Ga takardarsa na haɗo maka. Saura mako biyu a kunna wuta. Sixten ya ce zai gasa burodin jana'iza ko ta kwana.

Taka, mai jiran ɗan aike kullum safe,
Majken

Visby, ranar Valborg

Yaya Torgny,

Gaisuwa, da barka da arziki! Ya jiki ba sai na tambaya ba, na gani da idona.

Jiya ambulan ɗinka ya iso. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi ƙafa ɗaya ina kallon adireshin. Ba rubutun ma'aikaciyar jinya ba ne. Haruffan sun karkace, suna hawa suna sauka kamar kaza ta bi ta kan takardar, amma na san yadda kake jan wutsiyar sunana. Da hagu ka rubuta! Na ruga gidan Ylva ko ƙofata ban kulle ba, na biya na janyo Sixten daga bakin tanda.

Ylva ta buɗe takardar Grimulf ta karanta a tsaye. Rabin maki a gatarin hagu, wannan mun zata. Sauran rabin kuwa, iyo! Ga abin da ka sa a gefe: "Dole wani ya riƙa tsamo tsohuwar nan." Sixten ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, yana cewa, "Mai hannun dutse zai yi iyo! Gefe ɗaya zai riƙa zagayawa kamar ludayi a tukunya!" Ylva ba ta yi dariya ba. Ta duba littafi, ta ƙirga makin, ta sa hannu, ta ce, "Grimulf ya motsa. Kujera ta mai ita ce." Daga nan ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Burodin jana'izar kuwa mun cinye shi tas, bai taɓa daɗi haka ba.

Layin ƙarshe ne na karanta ni kaɗai, inda ka ce an yarda ka zo gida ƙarshen Mayu, kuma kada wanda ya kuskura ya jefa maka dayis kafin ka iso. Babu mai taɓa shi. Zan jira ka a tashar jirgin ruwa. In harshenka ya yi nauyi a tebur, za mu jira ka gama magana, dama can ba ka taɓa barin kowa ya katse ka ba.

Yanzu zan fita kallon wuta. Kafin in baro gidan Ylva na goge kujerarka, na ɗauko jakar dayis ɗinka daga kan kanta na ajiye a wurinka. Kofinka kuma na matsar da shi ɓangaren hagu.

Ƙanwarka,
Majken