Rediyo Ta Shiga Littafi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, musamman Rediyon gidanku, wadda na tabbata har yau ba a gano inda ake kashe ta ba.

Ki buɗe kwalin nan a hankali. Yaya, littafina ya fito! Kin sha ce mini zane ba sana'a ba ce, wasan yara ne, to yau ga wasan yaran ya zama abin riƙewa a hannu. Labarin wata yarinya ne baƙa wuluk irina. 'Yan ajinsu suna tsokanarta har ta ƙi zuwa makaranta, daga ƙarshe kakarta ta zaunar da ita gaban madubi ta nuna mata kyanta ɗaya bayan ɗaya. Mai buga littafin ya ce iyaye sun daɗe suna neman irinsa.

Yanzu ki dubi fuskar yarinyar da kyau. Kin ga wushiryar? Kin ga ɗan tabon gira na ranar da ta yi karo da bakin tebur? Ga kuma rigar rawaya mai aljihu biyu da na aiko mata bara. Na zana fuskoki har bangon ɗakina ya cika, babu wadda ta yi rai sai da na ɗauko hoton Rediyo na jingina da kwalbar fenti. Ban gaya miki ba don ina so in yi muku ba-zata.

Na kuma aika wa makarantarsu 'yan kwafi kyauta, da takarda zuwa ga malamarsu. Ina so ta ga kanta a hannun kowane yaro a ajin, ta san ita ma abar sawa a littafi ce. Ni a shekarunta ko a kwalin sabulu ban taɓa ganin mai kama da ni ba.

Ki rubuto mini abin da ta ce, kar ki rage ko kalma, ko da yake na san takarda ba za ta isa ba.

Taki har kullum,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Na sha ɗaukar waya in ajiye, don in na ji muryarki zan faɗi abin da ba ya janyuwa.

Kin ce in gaya miki abin da ta ce. Bari in fara da abin da ya faru. Malamarsu ta zaunar da su ta buɗe littafinki. Ba ta gama shafin farko ba wani yaro ya yi ihu, "Malama, ga ta nan!" Sai baiwar Allah ta kira Rediyo gaban aji, ta tsayar da ita, ta kara littafin a gefen fuskarta don kowa ya gwada. Ta ci gaba da karatu har ta kai shafin waƙar tsokana. Kin san ta, ke kika rubuta:

Baƙa, baƙa, gindin tukunya,
Wanke ta, wanke ta, ba ta fita.

Nan aka buga ƙararrawar tashi. Ranar ƙarshen mako ce. Malama ta rufe littafi ta ce sauran sai an dawo hutu. Kakar da madubinta suna can a rufe cikin kabad, waƙa kuwa ta biyo 'yata tun daga bakin aji har ƙofar gida.

Auta, yarinyar nan shekararta bakwai ba ta san akwai wani abu a jikinta da ake magana a kai ba. A kantin maganin da nake aiki, kullum hannuna yana miƙa wa mata man ƙara haske, amma ko kwalinsa ban taɓa bari ya shigo gidana ba. Na ɓata da maƙwabciyata don ta ce, "Wannan kam ba ta biyo ki ba." Na yi ta gadin ƙofa da taga, ashe da ɗan gari akan ci gari.

Ga abin da ta ce. Ina yi mata kitso, ta kwantar da kai a cinyata har na ɗauka barci take ji. Sai ta ce, "Mama, me ya same ni da Anti ta yi mini littafi?" Na ce ta gyara zama.

Ki sa a kwashe littattafan nan daga makarantar, kuma ki hana mutuminki ƙara buga ko ɗaya da fuskar 'yata. Ba roƙonki nake yi ba.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin matakala, na yi kuka har mai shagon ƙasa ya leƙo. Allah ya sani da in cutar da Rediyo gara in rasa hannun da nake zane da shi.

Amma tunda kin faɗi taki, ki bar ni in faɗi tawa. Waƙar nan ba ni na ƙirƙire ta ba. A tsakar gidanmu aka rera mini ita, ina da shekara shida, kina zaune a kan turmi kina kallon farcenki. In baƙi sun zo, Mama takan ce, "Ga farar tawa," ta jawo ki gaba, ni kuma a ce in je in ɗebo ruwa. Ba ki taɓa zagina ba, na yarda. Ba ki kuma taɓa buɗe baki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kuwa a busasshen gefe kika girma.

Kina ganin gadin ƙofa zai hana? Ko yau ko gobe sai sun gaya mata, a mota ko a gidan biki ko a bakin wanda za ta so. Ni so na yi ta riga su sani, ta tare su da amsa a hannu. Laifin malamar ne da ta yanka labari biyu kamar mai raba sabulu. Wa ke karanta wa yara ciwo ya ajiye magani sai bayan hutu?

Kuma ba Rediyo kaɗai ce yarinya ba. Wata uwa ta rubuto mini cewa 'yarta da littafin take kwana a ƙarƙashin matashi. Wata ta ce tata ta daina ɓuya in za a ɗauki hoto. Kwafin farko sun kusa ƙarewa, ana shirin buga na biyu. In ce musu me? Su mayar?

Ki ba ta lokaci. In aka karanta musu ƙarshen, za ki ga bambanci.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga mahaifiyar ɗalibarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da ƙorafin da kika kawo ofishin shugabar makaranta.

Ina mai farin cikin sanar da ke cewa mun kammala karanta littafin, kuma yara sun tafa sosai. Bayan haka na sake tsayar da 'yarki a gaban aji, na umarci ɗalibai su ce mata "Kina da kyau" baki ɗaya, suka kuwa faɗa da ƙarfi. Na haramta waƙar a cikin aji, duk wanda na kama yana yin ta zai yi shara. Abin da ke faruwa a filin wasa da hanyar gida kuwa, kin san ido ɗaya ba ya ganin ko'ina.

Ina kuma so in yaba da canjin da na gani a halinta. A da ina fama da ita kan surutu, yanzu ta natsu ƙwarai, har ta nemi a mayar da ita kujerar baya. Wannan abin a yaba ne.

A ƙarshe, makaranta na shirin mayar da littafin wasan kwaikwayo a ranar taron iyaye. Muna neman izininki ta fito a matsayin yarinyar, sanye da rigar rawayar idan tana nan, tunda babu wadda ta fi ta dacewa.

Na gode da haɗin kai.

Malamar aji biyu

*

Auta,

Gaisuwa. Ga takardar malamarsu nan na haɗo miki, ki karanta ki ga bambancin da kika yi mini alkawari. Ta natsu ƙwarai. Gidan nan yanzu har ƙarar firiji ake ji. Babansu ya shigo jiya ya tsaya a falo ya ce, "Wai ina Rediyo?" Tana zaune a gabansa.

An karanta musu ƙarshen. Kin taɓa jin yaro yana rera jawabin kaka? Maganar madubin doguwa ce, babu kiɗa a cikinta. Waƙar tsokanar kuwa kin yi mata ado, ta zauna a baki. Ƙanwarta mai shekara uku tana yin ta a bahon wanka tana tafi, ba ta san ma'anarta ba, ita kuma yayar tana tsaye da tawul tana jira ta gama.

Abin da aka yi miki a gidanmu an yi, ban ce ƙarya kike ba. Ki riƙe ni da shi har kabari in kin ga dama. Amma abu ɗaya nake so ki amsa mini. Ciwon naki ne, waƙar taki ce, madubi kuma kina da shi a ɗaki. Me ya hana ki zana fuskarki? Kin cire rigar da ta dame ki shekara da shekaru kin sa wa 'yata, sannan kina tafa wa kanki wai ta yi mata daidai.

Yaran da suke kwana da littafinki, Allah ya raya su. Su in sun rufe shi sun huta. Tawa ita ce a ciki.

Na ce wa malamar a'a.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta tambayarki. Na zauna gaban madubi da fensir, hannuna ya ƙi.

Na je wurin mai buga littafin. Waɗanda aka sayar sun tafi, magana zarar bunu ce. Waƙar ya ce ba za a taɓa ta ba, wai ita yara suka fi so. Amma ya yarda in sake zana yarinyar kafin bugu na biyu. Zan iya toshe wushiryar, in goge tabon, in canza rigar, yadda babu mai cewa ita ce.

Wannan karon ba zan yi gaban kaina ba. Don Allah ki tambayar mini Rediyo abin da take so in canza. Duk abin da ta ce, shi zan yi.

Auta

*

Anti,

Ina yini. Mama ta ce in rubuta da kaina, ba za ta duba ba.

Ki bar rigar, ai ta yi mini kaɗan. Ki bar haƙoran ma.

Anti, in za ki sake zana ni, ki ɗan rage baƙin. Ko bai kai hasken Mama ba. Kin ce duk abin da na ce za ki yi.

Kar ki gaya mata. Ni na liƙe ambulan ɗin.

Na gode.