Ramin da Ke Bayan Kafaɗata

Dumega, ranar Laraba

Zuwa ga ƙawata Karima,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da sauran 'yan ekip ɗinmu, ƙungiyar ƙwallon makarantarmu ta lise. Ya sansanin Yamai? Na ji an zaɓe ki cikin 'yan ƙwallon raga na jiha. Allah ya sa alheri. Ni ina gida wurin Inna, hannuna na dama ko tulu ba ya ɗauka.

Ranar da na iso daga makaranta a Dogon Dutsi, Inna ta zo gasa mini kafaɗar da ruwan ɗumi. Tana ɗaga rigata ta yi salati. Ashe naman bayan allon kafaɗata ya zube, wurin ya lotsa. Likita a Doso ya ce yawan buga ƙwallo daga sama ne ya matse jijiyar, kuma abin ya daɗe. Ya ce da na huta tun farko, da an ceci hannun. Yanzu bai yi mini alkawarin komawa fili ba.

Karima, mutum ba ya ganin bayansa. Shi ya sa a ekip ɗinmu kowa ke da mai shafa mata man zafi kafin wasa, ni kuma tun shigarmu lise ke ce tawa. Duk sanda na yi kukan hannun ya yi nauyi, sai ki ce gajiya ce, ki yi saurin jefa mini riga kafin sauran su shigo. Ni sakarya, ina ta yaba kunyarki.

Malaminmu Mushe Sambo mai horar da mu ya zo duba ni. Cikin ba ni haƙuri ya faɗa mini cewa ke kika sanar da shi ramin, bayan mun ci kofin Doso, ana gab da zaɓen masu tafiya Yamai, shi ya sa aka cire ni aka ba ki gurbina. Kin gani tun damina. Kika ci gaba da ɗago mini ƙwallo ina bugawa, har kofin ya shigo hannu.

Ba gurbin ne ya ƙona mini rai ba, wallahi da kin roƙa da na bar miki. Jiya na haɗa madubi biyu na ga wurin da idona. Daidai faɗin tafin hannunki ne.

Ki gaida wadda kike shafa wa yanzu.

Wadda ta ba ki bayanta,
Zulaiha