Sun Naɗa Ni Sakatariya

Alhamis da dare, Oktoba 1993

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama: saboda Dauda, shugaban ƙungiyar ɗaliban Afirka ta jami'armu, na shiga ƙungiyar.

Yau a mitin ana neman sakatariya, sai ya ce, "Rifkatu fa? Rubutunta kamar na inji." Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai yadda aka koya mana a gida. Wata 'yar Ghana ta ce, "Ta yarda!" Aka hau tafi.

Ke nan duk mako zan miƙe in yi karatu gaban mutum talatin, ni da ko direban bas ba na iya yi wa tambaya. A jirgin ƙasa, kafin Harlem, na rubuta wasiƙar cewa ba zan iya ba.

To amma yaushe ya lura da rubutuna? A littattafan soyayya da nake karantawa, haka ake farawa. Ko kuwa mai biro kawai yake nema? Ni dai ban gane ba.

Gobe zan ba shi wasiƙar hannu da hannu. In ya tambayi dalili, aƙalla mun yi magana, mu biyu kaɗai.