Kalmar da Buba ya kwaso a Lakwaja

Daren Laraba, tara ga Rajab

Yau munka tsaya gaban Sarkin Kasuwa kan rumfar da Buba ya matso da ita cikin inuwata. Ban gama bayani ba Buba ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga ba rigima ba ce. Nasara na ce mata tif, ɗan saɓanin abokai."

Sarki ya yi dariya, ya sa shi maimaitawa. Dattawa sunka kewaye Buba da tambayoyi, anka manta da ƙarata.

Ni da na tashi daga wankin fatun wasu har na mallaki majemata, ba wanda ya dube ni. Shi ko dako ya je yi Lakwaja.

Gobe a rana zan shimfiɗa fatuna. Ɗazu na gwada faɗin kalmar ni kaɗai a zaure. Ta fi daɗi a bakinshi.