Burtalin da Na Haɗa Cikin Gonar Baba Sani

Daren Talata, Kaura

Na kasa zama wuri guda tun da na dawo daga Jangeru. Wata biyu na yi ina zana taswirar gonakinsu daga hoton tauraron ɗan adam, yau na shimfiɗa ta gaban mutanen gari. Ardo ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa ya ce, "Ɗana, ina burtalinmu? Ta nan shanu ka bi zuwa ruwa tun kakana."

Babu shi. Hoton na rani ne, an girbe komai, gona da hanyar shanu duk launi ɗaya. Ni kuma na ja layi na haɗe burtalin cikin gonar Baba Sani, ban taka da ƙafata na tabbatar da wurin da na'urar GPS ba. Malaminmu ya sha faɗa mana hoton sama bai isa ba sai an je an gani. Na ɗauka surutu ne.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da Baba Sani ya yi. Ya ɗauki hoton taswirar da wayarsa, ya mayar aljihu.

Gobe zan gyara tawa. Ta cikin wayarsa fa?