Muryar Inna a Akwati

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Safiyar Talata na ga Baba a bakin taga, akwatin nan a cinyarsa, yana laluben maɓalli. Na haɗa shi yadda kika zana, har da tsanin resistoci, ƙananan kayan lantarkin nan da kika ce su ne ke mayar da lambobi su koma murya. Ya danna, saƙon da Inna ta bari a waya kafin rasuwarta ya fito. Ya saurara, ya ce, "Wannan maƙwabciya ce da mura ta kama, ba matata ba." Ya tura shi ƙarƙashin gado. Kin san tun da idonsa ya tafi, muryar nan kaɗai ta rage masa.

Na lura a inuwa da dama-dama, amma rana na taɓa murfin sai muryar ta ƙara lalacewa.

Ki huta lafiya.
Auta

Auta sarkin haƙuri,

Ina amsawa, ka gaishe min da Baba. Faɗi gaskiya, a tiren mai gyaran rediyo ka tsinto resistocin, kana bin launi, ko? Launi ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. Kowane mataki a tsanin dole ya ba da rabin abin da na samansa ke bayarwa cif. In babban ya kauce kaɗan, sai ya haɗiye ƙananan, kuma a ƙananan nan taushin muryar Inna yake. Sayi sababbi jeri guda, ka auna su da mita, ka ware waɗanda suka zo ɗaya.

Zancen rana kuwa ya taimake ni. Matso da su kusa da juna, zafi ya same su tare.

Allah ya ba da sa'a.
Yayarki, au, Yayarka

Yaya,

Barka da war haka. A tiren ne, kin canka. Na auna har idona ya yi ja, na liƙa su kafaɗa da kafaɗa. Jiya na kunna a tsakar rana, ban gaya wa Baba ba. Inna ta ce, "Malam, ka sha maganinka?"

Ya juyo ya ce, "Na sha mana, ke dai da mita!"

Sannan ya miƙo hannu a ba shi akwatin.

Kada ki ce ƙari na yi. Gwaggo tana wurin, da mai gyaran rediyon da ya zo karɓar mitarsa.

Sai kin zo.
Auta